Maciji a Tsakar Gida: Wanne Ne Abin Tsoro, Wanne Ne Ake Kashewa a Banza?

Da zarar ruwan farko ya sauka, ƙasa ta sha ta ƙoshi, ramuka suka cika, sai macizai su fara fitowa neman busasshen wuri da abin kaiwa baki. Kwaɗi sun fito, shinge ya tashi, ɓeraye sun tare a rumbu, kaji na ƙyanƙyasa a akurki. Duk abincin maciji ke nan, kuma duk a cikin gidajenmu yake ko a bayan katanga. Ba ƙauye kaɗai abin ya shafa ba. A sababbin unguwannin da aka yanka a gefen Kano, Bauchi, Gombe ko Maraɗi, inda gidan da mutane ke ciki yake jingine da kango mai ciyawa da tarin bulo, maciji a tsakar gida ba baƙon labari ba ne.

Yadda ake tarbarsa kusan iri ɗaya ne ko'ina. A yi ihu, mata su kwashe yara, samari su fito da taɓarya da fartanya da guntun bulo. Kafin ka ce kwabo an gama da shi. Sai kuma a tsaya a kan gawar ana musu. "Wallahi Baba, kububuwa ce." "Kai yaro, ina ka san kububuwa? Wannan ai 'yar kasa ce." Musun ba ya ƙarewa, don kan da za a duba an riga an ragargaza shi.

Irin macizan da ke Najeriya sun haura ɗari, amma waɗanda ke cika gadajen asibiti a ƙasar Hausa da kewayenta ba su taka kara sun karya ba wajen yawa. Uku ne a gaba: kububuwa, kumurci da kasa. Sai gamsheƙa da wasu 'yan kaɗan a bayansu. Galibin waɗanda ake kashewa a gida ba su da dafin da zai yi wa mutum illa. Matsalar ita ce alamomin da ake yaɗawa na bambance mai dafi da marar dafi ba su da tabbas, kuma wasunsu sai an matsa kusa ake iya ganinsu, wato daidai inda bai kamata mutum ya kai kansa ba.

Kububuwa, ƙaramar da ta fi kowa ɓarna

Wanda bai taɓa ganin kububuwa ba zai raina ta. Tsawonta yakan tsaya tsakanin santimita 30 da 60, shi ya sa wasu ke ce mata gajera. Launinta na ƙasa ne, ruwan toka ko ja-ja, da ɗigo-ɗigon fari jere a gefen jiki, kowanne da baƙi-baƙi kewaye da shi. Kanta gajere ne mai faɗi ta baya, wuyan siriri, idanun manya kusa da hanci. Fatarta ba ta sheƙi, kaushi gare ta. Idan ta kwanta a kan tsakuwa ko busasshen ganye, mutum zai iya tsallake ta bai gan ta ba.

Babbar alamarta a halinta take. Idan aka tsorata ta ba ta cika gudu ba. Sai ta lanƙwashe jikinta ninki-ninki, kai a tsakiya, ta riƙa goga sassan jikin da juna, ƙara na fita kamar an yayyafa ruwa a kaskon tuya mai zafi. Wanda ya ji wannan ƙarar da magariba a gindin tarin kara ko kusa da kangon bulo, ya ja da baya tukuna, ya haska tocila daga baya. Kububuwa ba ta jinkirin kai sara, kuma takan maimaita.

Sunanta a littattafan masana Echis ocellatus, kuma ita ce ta fi kowane maciji kashe mutane a yankin ciyayi na Afirka ta Yamma. Inda ta fi yawa a Najeriya shi ne kwarin Binuwai da duwatsun da ke kewaye da shi: Kaltungo da Billiri a Gombe, Langtang a Filato, Bambur a Taraba. Binciken da aka wallafa a 1980 ya nuna cewa a wani yanki na kwarin Binuwai maciji na saran mutum 497 cikin kowane 100,000 a shekara. A can arewa, wajen Sahel na Nijar, akwai 'yar'uwarta mai farin ciki tas, wadda halinsu da illarsu kusan ɗaya ne.

Dafinta jini yake lalatawa, ya hana shi daskarewa. A nan ne take yaudarar mutane. Wanda ta sara zai ji zafi, wurin ya kumbura, amma yana tafiya da ƙafarsa, yana magana, har ya ci tuwo. 'Yan'uwa su ce ai da sauƙi. Bayan sa'o'i, wani lokaci sai washegari, jini ya fara tsattsafowa daga dasashi, daga tsohon miki, daga tsagar da mai magani ya yi masa, ya fito a fitsari ko a amai. Wanda ya fi muni shi ne wanda ke zuba a cikin ƙwaƙwalwa ko cikin ciki, inda ido ba ya gani. Ba banza ba mutanen wasu wurare ke mata kirari da gobe-da-nisa. Idan ba a yi allurar kashe dafi ba, mutum 10 zuwa 20 cikin 100 na mutuwa. Idan aka yi ta gari a kan lokaci, adadin kan faɗo ƙasa da 2.

Masu shigar kububuwa

Akwai wani maciji mai cin ƙwai, wanda ƙwan tsuntsaye ne kaɗai abincinsa. Kusan ba shi da haƙori ma, balle dafi. Yakan haɗiye ƙwai ɗungurungum, wasu ƙasusuwa a maƙogwaronsa su fasa shi, ya shanye ruwan ya amayar da ɓawon a dunƙule. To wannan bawan Allah, da yake ba shi da makami, sai ya ari rigar kububuwa. Zanen jikinsa ya yi kama da nata, yana lanƙwashewa yadda take yi, yana goga jiki ya fitar da irin ƙararta, har ya buɗe baki ya kai farmakin ƙarya. Bambancin a kai yake: nasa ƙarami ne, kusan kaurinsu ɗaya da wuya, jikin kuma ya fi nata tsawo da sirantaka. Amma wa zai tsuguna da dare ya auna wuyan maciji? A ganina, duk wanda ya ga mai wannan shiga ya ɗauke shi a matsayin kububuwa, ya ba shi hanya. Kuskuren da ya sa ka nisanci marar dafi ba ya kai kowa asibiti.

Akwai kuma wani gajere mai cin kwaɗi, da ake yawan samu a gindin randa, bakin rariya da duk inda danshi yake. Fatarsa ta fi ta kububuwa laushi da santsi, kuma yana da zane mai tsini a bayan kai, tsinin na kallon hanci. Yana da dafi, saransa na da zafi da kumburi, amma da wuya ya yi kisa. Likitan nan ɗan Ingila, David Warrell, wanda ya yi aiki a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya a shekarun 1970, yana cikin waɗanda suka fara bin marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya suna haɗa kowane sara da macijin da ya yi shi. Irin wannan aiki ne ya raba wa likitoci saran wannan maciji da na kububuwa.

Kumurci, mai shiga ɗaki

Idan kububuwa ta gona ce da bayan gida, kumurci na cikin gida ne. Baƙi ne ko ruwan toka mai duhu, tsawonsa daga mita ɗaya da ɗoriya har ya haura biyu, da ja-ja ko fari-fari a ƙarƙashin wuya, wanda ake gani idan ya miƙe ya fasa kai. Yana zama a tsohon suri, a kogon itace, a ramin ɓera a gindin katanga. Da dare yake farauta, kuma 'yan tsaki, ƙwai, ɓeraye da kwaɗi ne ke jawo shi. Gidan da akurki ke manne da ɗakin kwana ya riga ya aika masa goron gayyata. Binciken da aka yi a Malumfashi a ƙarshen shekarun 1970 ya nuna yadda yake yawan saran mutane a cikin gida, sau da yawa suna barci a ƙasa. Mutum ya juya cikin barci ya danne shi, shi ke nan.

Saransa nama yake ruɓarwa. Fata ta yi baƙi, ta yi bororo, miki ya ɗauki watanni, wani lokaci a rasa yatsa ko hannu ya shanye. Sannan yana da makami na biyu: yana tsarto dafi, ya saiti ido, daga nisan mita biyu ko fiye. Wannan kaɗai ya isa ya rushe shawarar masu cewa a matsa a duba idon maciji. Dafin a kan lafiyayyar fata ba ya yin komai, a wanke kawai. A ido kuwa raɗaɗi ne mai tsanani, kuma idan aka yi sakaci yana iya makantarwa. Maganin farko ruwa ne, mai yawa, a buɗe idon a yi ta kwarara shi na tsawon mintoci ba tare da murzawa ba, sannan a tafi asibiti. Ba a ɗiga ruwan ganye, ba a sa kwalli, ba a sa fetur.

Sunayen kumurci da gamsheƙa kan yi musaya daga gari zuwa gari, don haka suna kaɗai ba ya isar likita. Abin da ya kamata a sani shi ne akwai masu fasa kai da ba sa tsartuwa, launinsu ruwan ƙasa, rawaya-rawaya ko baƙi, kuma dafinsu jijiyoyi yake kamawa. Wurin saran ba lallai ya kumbura sosai ba. Sai dai a ga fatar ido na saukowa kamar mai jin barci, murya ta sauya, yawu ya gagara haɗiyewa, numfashi ya yi ta raguwa. Wannan ba ya jiran gobe, cikin sa'o'i kaɗan yake aikinsa. Masu fasa kai kan bi ɓeraye su shiga bututun masai da ramin shadda da murfinsa ya tsage. A watan Nuwamban 2021 wata jami'ar sojan sama ta rasu a Abuja bayan maciji ya sare ta a banɗaki, labarin da ya sa mutane da yawa suka fara haska masai kafin su tsuguna.

Ta ukun, wato kasa, ba ta da wuyar ganewa, in har an gan ta. Gajera ce mai kauri, wajen mita ɗaya, da faffaɗan kai da zane mai kusurwa jere a gadon baya. Barcinta ya shiga bakin Hausawa, amma ba barci take ba, kwanton ɓauna ne. Ba ta kaucewa daga hanya, huci take yi mai ƙarfi, kuma saranta na da saurin da bai dace da nauyin jikinta ba. Haihuwa take yi, ba ƙwai ba, 'ya'ya da yawa a lokaci ɗaya, kowannensu da dafinsa tun ranar farko. Ana rikita ta da ƙaramar mesa, wadda ita ma gajera ce mai kauri, amma fatarta sumul take tana sheƙi, kuma in ta tsorata dunƙulewa take yi ta ɓoye kai. Ita da babbar mesa duk ba su da dafi, kodayake babbar na iya cizo ta yaga nama, ta kuma ɗauke kaza ko ɗan akuya.

Wanda ba a riƙewa

Bayan an ɗauke ruwa da dare, akan ga wasu ƙananan macizai baƙaƙe masu sheƙi, kai da wutsiya kusan ba bambanci, idanun 'yan mitsi-mitsi. Irin waɗanda ake kira bida ke nan. Wasunsu makafi ne masu cin gara da tururuwa, ko cizo ba sa iyawa. Amma a cikin masu wannan kama akwai wani mai dogayen fiƙoƙi da yake iya fitar da guda ta gefen baki ba tare da ya buɗe bakin ba, ya soka ta baya. Wato ko an kama shi ta bayan kai, yadda gardawa ke kama maciji, sai ya sami yatsa. Masana macizai da kansu sun sha faɗawa wannan tarko. Saransa na da azabar zafi, yana iya cin yatsa, kuma allurar kashe dafin da ake da ita a asibitocinmu ba ta aiki a kansa. Yara ne suka fi shiga hatsarinsa, don ƙanƙantarsa na sa su ɗauka tana ce.

Sauran kuwa, yawancinsu maƙwabta ne na gari. Tsadaraki, siririn nan mai ratsi a tsawon jiki da ke wucewa fuu da rana tsaka, ƙadangaru yake bi. Damatsiri, koren da ke hawa bishiyar mangwaro da darbejiya, ba ruwansa da kowa, sai dai kada a mai da kowane kore abin wasa, don akwai wani mai manyan idanu da ke zama a kan bishiya wanda dafinsa ke tsinka jini, kodayake da wuya yake sara in ba kama shi aka yi ba. Sai macijin gida, ruwan ƙasa ko baƙi-baƙi mai santsi, wani da farin layi a gefen kai, wanda ɓeraye ne abincinsa. Wannan kam duk wanda ya kashe shi ya yi wa ɓerayen rumbunsa aiki kyauta.

Yanzu a dawo ga ƙa'idojin da ake yaɗawa, har a wayoyi. An ce mai dafi kansa kusurwa uku ne. Kumurci fa? Kansa a mulmule yake, alhali akwai marasa illa da ke baje kai su yi kusurwa idan sun tsorata. An ce mai dafi ƙwayar idonsa a tsage take, marar dafi zagayayya. Duk masu fasa kai zagayayyar ƙwayar ido gare su, mesa da mai cin ƙwai kuma tasu a tsage. An ce a duba sawun haƙori, in huda biyu ce mai dafi ne. Sau da yawa huda ɗaya ake gani, ko ƙarzuwa, ko ba a ga komai ba. Launi ma ba abin dogaro ba ne, don iri ɗaya kan sauya launi daga wuri zuwa wuri, yaro kuma ya bambanta da babba. Waɗannan ƙa'idoji sun fi dacewa da Amurka, inda macizansu daban suke da namu, can ɗin ma ba kullum suke cin jarrabawa ba.

Abin da ke aiki shi ne a haɗa abubuwa da yawa daga nesa: tsawo da kauri, fata mai kaushi ce ko mai sheƙi, wane lokaci aka gan shi, a ina, kuma me ya yi da ya ga mutum. Ya gudu? Ya fasa kai? Ya yi huci? Ya goga jiki? Taku huɗu ko biyar baya ya isa a ga duk wannan. Mai waya ya jawo hoton daga inda yake tsaye. A kwashe yara da dabbobi, a bar masa ƙofar fita, mutum ɗaya ya tsaya yana lura da inda ya shiga. Sara da yawa a wurin kisa ake samunsa, lokacin da maciji ya ga ba mafita. Ko an kashe shi ma, kan da aka datse na iya sara bayan wani lokaci, don haka ba a ɗaukarsa da hannu, ba a ba yara su yi wasa da shi.

Batun korar macizai daga gida kuwa, kalanzir, baƙin mai, fiya-fiya, ƙona taya da namijin goro duk ba su da hujjar da ta tabbata, wasunsu ma mutanen gida suke cutarwa. Abin da ke rage su aikin hannu ne: a sare ciyawa, a ɗaga itace da kara daga ƙasa a nisanta su da ɗaki, a toshe ramuka da ƙasan ƙofa, a sa raga a bakin rariya, a raba akurki da rumbu da wurin kwana. Mai kwana a ƙasa ya sa gidan sauro ya cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma ko katifa. Mai fita da dare ya riƙe tocila ya sa takalmi.

Jinin mara lafiya ya fi gawar maciji bayani

Mutane da yawa na ɓata sa'a guda suna farautar macijin da ya yi sara, wai don likita ya gani. In an riga an kashe shi, ba laifi a sa shi a buhu a tafi da shi. In ya tsere, a bar shi. Likita na da hanyarsa. A Asibitin Kula da Saran Maciji da ke Kaltungo, da cibiyar lafiya ta Zamko a Langtang, da sauran wuraren da suka saba da aikin, akan ɗebi jini kaɗan a zuba a sabuwar kwalbar gilashi busasshiya, a ajiye ba a taɓa ba na minti 20, sannan a karkata ta. In jinin ya daskare, to da sauƙi, a sake gwadawa can gaba. In ya kwaranyo kamar yanzu aka zuba shi, a wannan yanki kusan an san aikin kububuwa ne. Kumburi mai hawa da ruɓewar fata na nuna kasa ko kumurci. Saukowar fatar ido na nuna mai kama jijiya.

Abin da ake so daga 'yan'uwa kaɗan ne. A kwantar wa mara lafiya da hankali, a cire zobe, awarwaro da takalmi kafin kumburi, a ɗaura wa gaɓar katako ko sanda don kada ta motsa, a ɗauke shi kada ya yi tafiya da ƙafa. In yana amai a kwantar da shi ta gefe. Ba a ɗaure gaɓa tamau da roba ko igiya, don hakan ya sha jawo yanke ƙafar da dafin bai isa ya lalata ba. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a kafa ƙaho. Tsaga a jikin wanda kububuwa ta sara ƙofa ce aka buɗe wa jini. Baƙin dutsen da ake mannawa ba ya zuƙe dafin da ya riga ya shiga jiki. Asfirin da dangoginsa na ƙara zubar jini, farasitamol ya wadatar. Sanin kowa ne wani saran ba ya zuwa da dafi ko kaɗan, wani kuma na marar dafi ne, mutum zai warke ko an ba shi magani ko ba a ba shi ba. Daga nan ne sunan masu maganin maciji da yawa ya samo asali.

Ita allurar kashe dafi ana samar da ita ne ta hanyar yi wa doki ko tunkiya allurar dafi kaɗan-kaɗan har jikinsu ya haɗa garkuwa, sannan a tace garkuwar daga jininsu. Saboda haka kowace allura macizan da aka yi ta da dafinsu take kamawa. An ga illar rashin kula da wannan a wani asibitin karkara a Gana, inda aka sauya zuwa allurar da aka haɗa da dafin macizan Indiya, mace-macen saran kububuwa suka tashi daga kashi 1.8 zuwa 12.1 cikin 100. A Najeriya, haɗin gwiwar ma'aikatar lafiya da masana daga Liverpool da Oxford ya samar da allurai biyu daga dafin macizanmu: EchiTAb-G da aka haɗa a Birtaniya don kububuwa kaɗai, da EchiTAb-Plus da ake yi a Kosta Rika don kububuwa, kasa da kumurci. An gwada su a kan marasa lafiya 400 a Kaltungo, aka wallafa sakamakon a 2010. Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero ta Kano na cikin waɗanda suka daɗe suna wannan fafutika.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su a 2017, tana ƙiyasta mutuwar mutum 81,000 zuwa 138,000 a duniya duk shekara, ta kuma ɗauki alƙawarin rage adadin da rabi kafin 2030. A Najeriya alƙaluman da hukumomi suka saba ambata su ne sara kusan 20,000 da mutuwa kusan 2,000 a shekara, ban da waɗanda ba su kai asibiti ba. Har yanzu daga waje ake shigo da allurar, takan yanke a tsakiyar damina lokacin da aka fi buƙatarta, kuma in ta gwamnati ta ƙare, kuɗin kwalba ɗaya a kasuwa kan cinye abin da ƙaramin manomi ya noma. Ba kowane babban asibiti ne ke ajiye ta ba, wanda ke da ita a bara ma ba lallai yana da ita bana ba. Maigidan da ke zaune inda kububuwa ko kumurci ke yawo, yana da kyau tun kafin shuka ya tambaya ya ji wane asibiti ne mafi kusa da ke da allurar, wace iri ce, da kuma wanda zai buga wa waya ya kawo mota in abin ya faru da tsakar dare.